Ranar da Aka Kwashe Gidan Hamna

Hamna ba ta iya riƙe farin ciki a cikinta. Tela ce a unguwar Nukkai da ke Jalingo, mace mai fara'a da son mutane, kuma duk abin da ya faru a gidanta sai ya hau Fesbuk. Da ta sayi sabon keken ɗinki, bidiyo ta ɗauka tun daga bakin get har cikin falo, tana nuna firij da talabijin da atamfofin kwastomominta da ke jere a kan kanta.

Mijinta Hayatu, ma'aikacin gwamnati ne mai kawaici, ya taɓa tambayarta, "Wai duk mutanen nan da ke kallonki kin san su?"

Ta yi dariya ta ce, "Baban Jamil ke nan! Ai masu so na ne, cikinsu nake samun masu kawo ɗinki."

Da aka ba Hayatu canjin wurin aiki zuwa Gombe, tun kafin dangi su ji, Hamna ta sanar da duniya cewa sun kusa tashi. Ba a daɗe ba bikin ƙaninta ya taso a Yola. A tasha ta ɗauki hoto da mijinta da yara, ta rubuta: "Mun rufe gida, sai bayan biki." Kullum kuma sai ta sa hotunan shagali, kowa na ganin inda take.

Bayan an gama biki, da la'asar suka dawo. Hayatu ya ciro makulli, sai ya ga babu kwaɗo a jikin get ɗin. Ya tura ya shiga, Hamna na biye da shi.

Falon fayau yake. Babu kujeru, babu firij, babu keken ɗinki, babu atamfar mutane ko falle ɗaya. Har labule an cire. A ɗakin yara ko katifa ba a bari ba.

Sai ga maƙwabciyarsu Rachael ta leƙo da murmushinta. "A'a, Maman Jamil! Kun manta wani kaya ne?"

Hamna ta juyo a hankali. "Wane kaya, Maman Sandra? Ina kayan gidana?"

Murmushin Rachael ya ɗauke. "Ba ke kin aiko mota ba? Da rana tsaka sun zo, da babban mota. Sun ce Oga Hayatu ya samu gida a Gombe, ku daga Yola za ku wuce."

"Wa ya ce?" Hayatu ya tambaya.

"Sun san sunan kowa fa! Sun ce Jamil da Kadijatu suna gaishe da Sandra. Sun nuna mini saƙo a waya, da hotonki a kai, wai kin tafi da makulli, a fasa kwaɗo." Rachael ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo Allah! Ni na ba su ruwa suka sha. Mijina Benjamin ma ya kama musu firij suka sa a mota."

Hamna ta zauna daɓas a kan siminti.

A ofishin 'yan sanda, jami'in da ya saurare su ya karɓi wayarta ya yi ta duba shafinta. Can ya ɗago. "Hajiya, ga ƙofar gidanki, ga abin da ke ciki, ga sunayen 'ya'yanki, ga ranar da kika tafi. Mutanen nan ba su sha wahalar bincike ba. Hotonki ma a nan suka ɗauka suka buɗe shafin bogi."

Da yake an ga Benjamin, mijin Rachael, yana lodi, dole aka tsare shi don amsa tambayoyi. An sake shi bayan an tabbatar ba shi da hannu, amma magana ta riga ta zaga Nukkai. Mutumin da ya taimaka don zumunci, yanzu in ya wuce sai a riƙa nuna shi da baki. Rachael, wadda a da ba ta kwana ba ta leƙo gidan Hamna ba, ta koma gaisuwa daga nesa.

Ba a ga motar ba, ba a ga kayan ba. Masu atamfa suka yi ta sallama a ƙofa, wata amarya ma da kuka ta zo, domin kayan fitar bikinta na cikin abin da aka kwashe. Haka suka bar Jalingo a ƙaramar mota, da akwatunan da suka je biki da su kaɗai.

Jama'a, ba duk mai kallon shafinka ne masoyinka ba. Sirrin gidanka, sunayen 'ya'yanka da lokacin tafiyarka ba kayan talla ba ne; kafin ka saka, ka tuna ɓarawo ma yana da waya.