Baƙuwar da Ba Ta Son Bakin Teku

Muryar Gaetan, mai yi wa baƙi jagora, ta dishe, ƙafafunsa sun yi nauyi. Tun safe yake zagaya wani tsibirin ƙasar Seychelles da wata tsohuwa da ta zo hutu daga Landan, amma ba abin da ya burge ta.

"Madam, ga manyan kunkuraye. Ko bakin teku za mu? Ki dai shafa mai, ranarmu ba ta wasa."

Kai kawai take girgizawa. Can ta nuna wani sabon otal. Ya bi ta yana tsaki a zuci, har gaban tafkin da baƙi ke iyo.

Ta daɗe tana kallon ruwan. Sai ta juyo ta yi masa magana da harshen garin, ba ko gargada.

"Ɗana, nan ɗakin mahaifiyata yake. Kabarinta fa, ina kuka kai shi?"