Fuskar Kawu a Allon Asibiti

Tun da aka fara zalunci a duniya, ba a taɓa yi wa wani bawan Allah irin wanda aka yi wa Kawu ba. Haka ya faɗa wa Manaja ranar Litinin da safe, ya maimaita wa mai shara, ya tsaya a bakin ƙofa ya sake faɗa wa wani da ya zo gyaran firinta.

Shekara goma sha tara yana ƙera siffofi a kwamfuta a wannan kamfani, irin waɗanda ake juyawa a ga gaba da baya. Ya gina benaye tun ba a haƙa harsashinsu ba. Ya ƙera haƙora ga likitoci, ya ƙera injin mota, ya ƙera dodanni na wasan yara. Mabuɗin ɗakin na'urar da ke ɗaukar siffar mutum daga kai har ƙafa ma a aljihunsa yake kwana. Ma'aikata na ce masa Kawu don girmamawa, ko da yake shi a ganinsa Yaya ya fi dacewa.

Abin da ya faru shi ne, wani asibiti ya sa kamfanin ya yi masa ɗan fim kan hawan jini, don a riƙa nunawa a ɗakin jira. A fim ɗin akwai likita, akwai mara lafiya. Mara lafiyan wani mai tumbi ne da ke hawan matakala yana haki. A mataki na shida sai ya dafe ƙirji, fatarsa ta buɗe, a nuna zuciyarsa kitse ya shaƙe ta. Bayan minti uku ya sake farowa daga ƙasa. Haka yake yi daga safe har a tashi.

Fuskar Kawu ce. Har tabon da ke gefen hancinsa.

Uwar mijin 'yarsa ce ta fara gani, ta je awon ido. Ta bugo waya tana tambayar me ya sa aka ɓoye musu rashin lafiyarsa. Kafin la'asar mutum goma sha ɗaya sun zo dubiya. Matarsa ta shimfiɗa musu tabarma, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ya ɗauka kuka take yi, sai da ya kasa kunne ya ji ashe dariya ce.

"Baban yara, ka yi haƙuri," ta ce tana share hawaye. "Hakin ne. Wallahi sak."

Saboda haka ya nemi a kori wanda ya yi wannan aiki, kuma ya san wanda yake nufi. Akwai wata sabuwar ma'aikaciya da ake kira Mai Ƙashi, domin aikinta shi ne sa wa siffa ƙasusuwa a ciki yadda za ta iya motsi. Ita ta koya wa mara lafiyan tafiya da haki. Watanta uku a gwaji, kuma a makon nan ne za a ba ta takardar zama ko ta sallama.

Manaja ya kira su ofis. Takardun biyu suna kan teburinsa, biro a tsakaninsu.

"A ma'ajiyar kamfani na same shi, Kawu," in ji ta. "Na ɗauka da saninka aka ajiye."

"Da sanina? Dubi tumbin nan! An ƙara masa taƙi guda. Wannan sanƙon kuma a ina kika samo shi?"

"Ban taɓa jikinsa ba. Ƙashi kawai na sa."

"Kunnuwan fa?"

Manaja ya dubi kunnuwan da ke allon kwamfutarsa, ya dubi na Kawu, ya mai da idonsa kan tebur. Ya ce abu mai sauƙi ne, a shiga da Kawu na'ura yanzu a ɗauki siffarsa, a ɗora a kan waccan a ga bambanci. Kawu ya ce shi ba buhun hatsi ba ne da za a riƙa aunawa. Ya ƙara da cewa ai siffa mai lamba ɗari huɗu da bakwai kowa ya gani ya san an yi mata sharri. Kafin shi kuwa, babu wanda ya ambaci lambar siffar.

Mai Ƙashi ta sunkuyar da kai. Ta riga ta kwashe kofinta da hoton 'ya'yanta daga tebur tun da safe, suna cikin jakar da ta rungume.

Manaja ya ɗauki biro, ya jawo takardar sallama. Sai ya dakata, ya ce kafin ya raba mutum da abincinsa bari ya buɗe tarihin ma'ajiyar, tunda kwamfuta na rubuta wanda ya ajiye kowane abu, da rana, da lokaci.

Kawu ya yi tari. Ya ce da ya sake tunani, shi mutum ne mai yafiya, a bar zancen. Manaja ya ci gaba da latsawa. Kawu ya ce yarinyar ma tana da ƙoƙari, a ba ta takardar zama, shi zai tsaya mata. Manaja bai ɗago ba.

"To, tsaya, ranka ya daɗe," in ji Kawu, ya gyara wuyan rigarsa. "Kada ka wahalar da idonka. Ni na shiga na'urar ranar wata Asabar, ni na sa kaina a fim ɗin. Amma a rubuta a ajiye, a matsayin likita na sa. Mutanen asibiti ne suka yi wa likitan kallo ɗaya suka ce a tuɓe masa farar rigar a kai shi matakala."