Ƙirgen 'Ya'yan Kaza

Ku yafe mini karambani, ban taɓa rubuta labari ba.

Da gwamnati ta kammala madubin taurari na Mambila bayan aikin shekara arba'in, sai ta raba wa kowa katin leƙawa sau ɗaya. Ranar Tasalla jibi ce. Ta kakarta, Iya Kande, sai nan da shekara ashirin.

"Ƙawata, ki ƙirgo mini 'ya'yan Kazar sama," in ji Iya. "Marigayi kakanki ya ce bakwai ne, ni shida nake gani."

"To, tsohuwa mai gardama."

Tasalla ta shekara tara tana jiran jibin nan. Katunan ba suna, lamba ce kawai. Iya na shiga alwala, Tasalla ta musanya nata da na Iya a ƙarƙashin tabarma, ta sulale.