Wata Tara Baya

"Budurwa ce fa, Hajiya," in ji Madam Solanj, tsohuwar ungozomar unguwa, tana cire safar hannu. "Ban saba sa wa wadda ba ta san namiji ba robar hana ɗaukar ciki a mahaifa."

Kunya kamar ta kashe Zulaihat. Shekararta ashirin da ɗaya, ko hannunta namiji bai taɓa riƙewa ba, amma ga uwarta ta jawo ta asibiti da rana tsaka. Daga gadar Yakite ana jiyo harbi jefi-jefi. Kwana uku ke nan 'yan bindiga suna kutsawa gidaje suna far wa mata a unguwarsu ta Kilomita Biyar.

"Umma, me na yi kike zargina?"

Uwar, Hajiya Ummuhani, ba ta dube ta ba. Ta rage murya ta ce, "Madam, ke kika karɓi haihuwarta. Koma wata tara baya."

Hannun ungozoma ya tsaya cak. Zulaihat ma ta lissafa a zuci. Lissafin ya faɗa kan boren sojoji na shekarar casa'in da shida, lokacin da hanya ta tsare Baba a Garwa wata biyar cur, kamar yadda yake yawan ba da labari. A lokacin ma an kutsa gidaje.

Madam Solanj ta mayar da safar. Zulaihat ta hau gadon da kanta, ta kwanta tana kallon rufi.

"Umma," ta ce a hankali, "da a lokacin kina da robar fa?"

Daga gadar Yakite harbin ya ci gaba.