Jarkar Baba Sahabi

Ina aji biyar a Illo, ni ke karanta labaran gari a taron safe na makaranta. Ran nan na sanar cewa Baba Sahabi, maƙwabcinmu mai kwalekwale, yana tsallakar da fetur zuwa ƙasar Benin a jarkoki. A bakin rijiya na ji zancen. 'Ya'yansa suna cikin layi.

Da la'asar ya yi sallama gidanmu da jarka ɗaya, ya kwance murfin.

"Sunsuna, ɗiyata."

Man gyaɗar matarsa ne.

"Katanga ɗaya ta raba mu. Da kin tambaye ni."

Yau ni ke gabatar da labarai a talabijin. Da fitilar kyamara ta kunnu, ƙamshin nan nake ji. Har ya rasu ban ba shi haƙuri ba.