Kwamfuta Mai Lamba Tara

Ranar Litinin sabon manaja ya sa aka rage lokacin da fuskar kwamfuta ke jira kafin ta kulle, daga minti goma zuwa minti ɗaya. Ka saki linzami ka sosa ƙeya, kafin ka gama ta yi baƙi, sai ka sake buga kalmar sirri.

Dabarar tasa ce, yana ji da ita kamar ɗan fari. Injiniyan ofis zai ƙirga awannin da kowace kwamfuta ta yi a kulle. Wadda ta fi barci, mai ita ya tattara komatsansa ranar Juma'a.

"Lamba nake so, ba suna ba," in ji shi. "Kada wani ya zo min da 'ai surukin wane ne'."

Injiniya ya bi tebur-tebur yana manna lambobi. Da ya kai kan ta manaja aka daka masa tsawa, kada ya kuskura ya ɓata murfi mai sheƙi da ƙazamar takarda. Ya ce to, ya san yadda ya yi.

Kowa ya san wanda ake hari: Baba mai fayil, shekara ashirin da shida a kujera ɗaya, yana buga rubutu da yatsa biyu kamar kaza na tsintar hatsi. Manaja kan wuni a tsaye bayan ma'aikata, hannu a baya, hanci a sama, amma ya fi daɗewa a kan Baba.

"Ranka ya daɗe, a ƙara mana ko minti uku," in ji Baba. "Kafin in lalubo takarda ta mutu."

"Ita ma ta gaji da kallonka ne, Baba."

Baba ya gyara zama. Ya kwaso fayilolin ya jibge a tebur, yana karatu yana zungurin linzami da gwiwar hannu, ko shayi ya daina fita sha.

Ranar Alhamis rahoto ya fito. Lamba tara ta yi awa ashirin da bakwai a kulle cikin talatin da biyu. Manaja ya yi tsaki, ya rubuta wa hedikwata cewa ofis ba gidan hutu ba ne, a sallami mai ita ko wane ne, ban da roƙo. Ya rattaba hannu. Kafin a tashi amsa ta dawo: an amince.

Da safiyar Juma'a ya tara kowa, ya nufi teburin Baba yana murmushi. Lamba huɗu. Ya duba na gaba, da na gaba, har bakin ƙofa.

"Ina tara ta shiga?"

Injiniya ya wuce ofishin manaja, ya fito da kwamfutar nan mai sheƙi, ya kifa ta a gaban kowa: ga lamba tara manne a ƙarƙashinta.