Mai Goge Littafin Malam Jika

Babi na bakwai ya ɓace ranar Laraba.

Malam Jika ya zauna gaban kwamfutar, ya bi jerin sunayen babukan littafinsa da yatsa daga sama zuwa ƙasa har sau uku. Na shida yana nan, na takwas yana nan, tsakaninsu babu komai. Haka babi na huɗu ya tafi a watan jiya, haka na biyu kafin shi.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin tsofaffin leburorin haƙar kuza gida-gida, daga Dutse Uku har Bukuru, yana ɗaukar muryoyinsu a kaset. Yanzu duk sun kwanta dama. Kaset ɗin kuwa suna shagon Monsurat, mai buga masa rubutu a kasuwar Taminus, lokacin da wuta ta cinye kasuwar shekara biyu da suka wuce. Abin da ya rage na mutanen nan yana cikin wannan akwati mai ƙugi, ga shi wani yana ɗebe su ɗaya bayan ɗaya.

Ya san dalili. A babi na bakwai akwai sunayen shugabannin leburorin da suka tura mutane cikin wani ramin kuza da ya rufta. Jikokinsu manya ne a garin nan yanzu.

Ba a fasa ƙofar ɗakin karatun ba. Makulli ɗaya ne, kuma yana aljihunsa.

Ya sa aka kira Qudus mai gyaran kwamfuta. Mutumin ya shafe awa guda yana danne-danne, sannan ya ja kujerarsa baya.

"Oga, ba bairos ba ne, cutar nan ta kwamfuta. Injin nan lafiyarsa ƙalau. Mutum ne ya goge da hannu, har kwandon shara ya share."

"Ba ya dawowa?"

"Sai in akwai kwafi. Ai na gaya maka wancan karon, kwafi uku ake yi. Ɗaya a inji, ɗaya a faifan disket, ɗaya a wani gida dabam. Ina kwalin disket da na kawo maka?"

Babu wani kwali da aka kawo masa. Malam Jika ya lura da yadda mutumin ya shirga ƙaryar ko ƙifta ido bai yi ba. Ya karɓi disket ɗaya daga hannunsa, ya raka shi har zaure, ya tsaya sai da ya ga ya sha kwana.

Da ya dawo ya tarar da 'yarsa Ummusalma a bakin ƙofa da tire.

"Baba, shayinka ya sake hucewa."

"Wa ke shiga ɗakin nan in ba na nan?"

"Babu kowa, Baba. Ko shara ka hana a yi."

"Monsurat fa? Yaushe rabonta da zuwa?"

Ummusalma ta gyara kofin a kan tiren. "Monsurat ta koma Ogbomosho tun bayan gobara, Baba."

A hankali ta faɗa, kuma ba ta kalli idonsa ba. Wannan ya fi ƙaryar Qudus yi masa ciwo. Ashe abin har ya shigo cikin gida.

Bayan sallar azahar hadari ya rufe duwatsu, ɗakin ya yi duhu. Ya kulle ƙofa ta ciki, ya ja labule. Babi na takwas shi ne zuciyar littafin, labarin wani tsoho da ya kwana biyu a ƙarƙashin ƙasa yana jin abokansa suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Idan wannan ya tafi, babu sauran mai faɗarsa a duniya.

Ya cusa disket ɗin, ya saurari ƙurƙurarsa har ta tsaya. Ya buɗe kwafin, ya karanta farko da ƙarshe. Cikakke ne.

Sai ya ga inda shawarar Qudus ta gaza. Barin kwafi a cikin injin ai ajiye wa kura nama ne. Duk mai zuwa ya goge, sai ya fara karantawa. Ya goge babin daga kwamfutar, ya share kwandon, ya ji numfashinsa ya daidaita. A bayan disket ɗin ya rubuta: Babi na takwas. Kada kowa ya sani.

Saura maɓoya. Aljihun tebur nan za a fara dubawa. Cikin littattafai dabara ce ta kowa. Idonsa ya yi ta yawo har ya sauka a saman kabad, inda takalmin robar mahaifinsa na aikin kuza ya yi shekaru yana shan ƙura. Ya yi murmushi. Babu mahaluƙin da zai taɓa tunanin wurin nan.

Ya hau kujera, ya zura hannu cikin takalmin. Yatsunsa suka ci karo da wani abu mai tauri. Ya jawo shi zuwa haske.

Disket uku ne, babi na biyu da na huɗu da na bakwai, kowanne da gargaɗin kada kowa ya sani, cikin rubutun hannunsa shi kansa.